Wa'adin Baba Dogara

Wata rana, shekara ashirin da wani abu ke nan, mutum goma sha ɗaya suka taru a zauren wani tsohon direban jirgin ƙasa a gefen garin Kafanchan. Sunansa Baba Dogara.

A zauren nan sabuwar ikkilisiyarsu ta fara. Benci uku ne kawai, matarsa Mama Tabita ke aro daga makarantar firamare ran Asabar, ta mayar Litinin da sassafe. Ganga ɗaya ce, ita ma fatarta ta sha ɗinki. Idan ruwa ya sauko a kan kwano, sai mai wa'azi ya yi shiru, a yi ta rera waƙa har ya ɗauke.

Waɗanda suka ga lokacin, har yau in sun tuna sai ka ga suna murmushi.

Da jama'a suka haura ɗari, Fasto Irmiya, wanda aka turo musu, ya ce lokaci ya yi da za a kafa majalisar dattawa, a rubuta ƙa'ida.

Baba Dogara ya fi kowa dagewa. Shi ya ce kada mutum biyu daga gida ɗaya su zauna a majalisa. Shi ya ce a sa mata. Kada fasto ya yanke babbar magana shi kaɗai, kada majalisa ta yanke a bayan idonsa. Shugaba kuma shekara uku zai yi, ya sauka.

Aka rubuta, kowa ya sa hannu. Aka zaɓe shi shugaba, ba wanda ya ja.

Ya yi aiki kuwa. A hannunsa aka sami fili, aka ɗaga gini har kan taga. Shi ke buɗe ƙofa, shi ke rufewa.

Sai wa'adi ya cika.

Mutane suka fara sallama a gidansa. Wannan ya ce dokar ai don wasu aka yi ta, ba don shi ba. Wancan ya ce in Baba ya sauka, shi ya daina zuwa.

Malam Habila ne kaɗai, wani malamin makaranta da ke cikin majalisar, ya miƙe a taro ya ce a bi abin da aka rubuta. Wasu suka mara masa baya. Ikkilisiya ta soma darewa biyu.

Baba Dogara ya ji haushin Malam Habila ƙwarai. Gaskiyar magana, ba ya son sauka.

Ran Asabar da yamma, ana gobe za a yanke magana, ya sami Mama Tabita tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida.

Ya ce, "Maman Godiya, rufin nan bai ƙare ba. Bari in ƙara shekara uku kawai."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Maigida, Baba ma rufi ya tsaya ƙarasawa, har shekara ashirin da shida. Mutum nawa suka rage a cocin ƙauyenku lokacin da ya rasu?"



Mahaifinsa take nufi. Mutumin kirki ne, da hannunsa ya kwaɓa ƙasar da aka gina cocin ƙauyensu. Dogara yana yaro, cocin nan cika yake har a tsaya ta taga, ana jin waƙarsu daga bakin rafi. Amma tsohon ya daɗe a kujera har ba mai iya ce masa a'a. Ba a yi faɗa ba. Mutane ne suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya.

Saboda wannan ne Baba Dogara ya dage a rubuta wa'adi tun farko. Shekara uku a kujera ta mantar da shi.

Washegari bayan sujada ya miƙe, ya ajiye makullan coci a kan tebur, ya ce a yi zaɓe.

Malam Habila aka zaɓa.

Abin ya yi wa Baba Dogara ciwo, bai ɓoye wa matarsa ba. Sabon shugaba ya mayar da sujada ƙarfe takwas. Ya canza fasalin rufin da Baba ya tsara. Sau da yawa magana takan zo wa Baba baki ya haɗiye. Waɗanda suka yi fushi saboda shi kuwa, da ƙafarsa ya bi su gida gida har suka dawo.

Shugabanni huɗu ya gani bayansa.

Daga baya jinya ta zaunar da shi wajen 'yarsa a Jos fiye da shekara. Ran Lahadin da ya dawo, wata mata mai tarbar baƙi ta tare shi a bakin ƙofa da fara'a. Ba ta san shi ba.

Ta ce, "Sannu da zuwa, Baba. Yau ka fara zuwa wurinmu?"

Mama Tabita ta buɗe baki za ta yi magana, ya riƙe hannunta. Ya bi matar ta nuna masa wurin zama cikin baƙi.

A hanyar gida ya ce wa matarsa, "Yau hankalina ya kwanta. Ko babu ni, za a yi sujada."

Darasi: Rubuta ƙa'ida ba wuya. Ran da ta zo kanka ne za a san ko da gaske kake. In kana son abin da ka kafa ya daɗe, ka bar wa na baya wuri tun kana da ƙarfi.

In ka san wani da ke riƙe da makullan coci, masallaci ko ƙungiya, tura masa wannan, cikin ladabi.