Malam Dabo da Ƙofar "Ba Shiga"

Shekara ashirin da uku ke nan, da an idar da sallar asuba Malam Dabo zai zaga bayan rumbuna, ya duba sawun dabbobi a burtali, sannan ya zauna a rumfar 'yan sintirin ƙauyenmu, gabas da Makoɗa. Shi ne shugabansu. Bana ya ajiye aiki, gwiwa ta ƙi. Ni da na tsufa ina koyarwa, ban zaci akwai sauran namijin da zai sa in riƙe baki ba. Dabo ya sa.

Ranar da Tahira, bazawara mai 'ya'ya uku, ta zo neman shiga sintiri, mataimakinsa Ɗanliti ya miƙa mata tsintsiya.

"Ga bindigarki, Hajiya."

Aka bushe da dariya. Dabo ya karɓe tsintsiyar, ya duƙa da furfurarsa ya share rumfar tas, ranar kasuwa, jama'a na kallo. Wallahi mai ƙosai har ƙosanta ya ƙone.

"Ita kuma a ba ta rigar aiki," in ji shi.

Ba a yi wata ba aka ji ihun mace a wani gida da rana tsaka. 'Yan sintiri, ƙarti goma, suka yi cirko-cirko a bakin zaure, don an rubuta "Ba Shiga". Haka suka saba, su jira mai gida ya fito ya ce ba komai. Dabo ya dubi Tahira. Ta yi sallama ta shige, ta fito tallabe da matar gidan, hannu a karye.

Ka ce yabo zai biyo baya? Ina! Dattawa suka ce an tona asirin gida, a kori Tahira. Dabo ya cire hular aikinsa ya ajiye gaban mai unguwa.

"Ranka ya daɗe, ni na tura ta, a fara da ni. Amma da 'yarka ce a ciki, wa za ka aika?"

Mai unguwa ya miƙa masa hularsa. Tahira na nan, yau ma su huɗu ne mata a rumfar.

Malam Dabo, kai ne ka ga abin da muka daɗe muna gani muka yi shiru. Wai tsaro aikin maza ne. To, shekara nawa mazan suna tsaye a ƙofa ana karya mu a ciki? Mun gode, Allah ya saka maka da alheri, ya ba gwiwa lafiya.

Ku kuma shugabannin sintirin ƙauyukan maƙwabta, ku ɗauki mata tun kafin ku ji ihun.