Gonar da Yaya Hamisu Ya Baje wa Ƙwallo

Da kakar bana yayana Hamisu ya cika shekara goma sha biyu da rasuwa. Allah ya jiƙansa, ya kai haske kabarinsa. Manomi ne a Nariya, cikin ƙasar Kibiya. Bai riƙe sarauta ba, bai taɓa tsayawa takara ba, ko Kano ma sai da ƙwaƙƙwaran dalili yake shiga. Amma in ka tsaya a tashar Rano ka ce "filin Hamisu", duk wanda ya taɓa buga ƙwallo a yankin nan zai kwatanta maka hanya. Ni ƙaninsa ne uwa ɗaya uba ɗaya, sunana Garba, ina jan bas tsakanin Rano da Kano, kuma duk duniya ba wanda ya kai ni yi masa gardama.

Gardamar tamu guda ɗaya ce, mun yi ta sama da shekara ashirin ba wanda ya sauka. Shi a wurinsa ƙwallo a ƙasa ake buga ta, ba-ni-in-ba-ka, a yanke mutum, a kai hari, ko da za a bar gida a buɗe. Ni kuwa na ce a tsare gida tukuna. In an samu dama a narka ta gaba, mai gudu ya bi, a ci ɗaya a rufe ƙofa. Nakan ce masa ba a rubuta kyan wasa a jikin kofi. Shi kuma ya ce, "Garba, kai ko tuƙinka haka yake. Kana kai mutane lafiya, amma ba wanda yake jin daɗin tafiyar." Har yau ban ga laifin kai mutane lafiya ba.

Sai dai akwai abin da ya kamata mai karatu na birni ya sani. A ƙauyukanmu a wancan lokaci babu filin wasa, gona ita ce fili. Sai an girbe dawa an kwashe kara, sannan samari su kafa turaku biyu nan, biyu can. Gona kuwa kunyoyi ce da tushiyar kara. In ka miƙa wa abokinka ƙwallo a ƙasa, sai ta bugi kunya ta yi tsalle ta tafi wajen abokin gaba, kai kuma ka taka tushiya ka koma gefe kana ɗingishi. Saboda haka kowa sama yake ɗaga ta. Irin wasana ba ni na ƙirƙiro shi ba, ƙasarmu ce ta koya mana. Yaya Hamisu ne kaɗai ya dubi abin ya ce shi ba zai canja wasa ba, ƙasar zai canja.

Da mahaifinmu ya rasu aka raba mana gonakinsa biyu. Tawa tana kwari, tasa tana kan tudu a bayan gari, shimfiɗaɗɗiya. Shekarar farko da ya girbe ta, sai mutane suka gan shi da fartanya yana tone tushiya ɗaya bayan ɗaya. Da ya gama ya ɗaura wa shanun huɗarsa wani ƙaton gungume, ya yi ta jan sa gabas da yamma, kudu da arewa, har kunyoyin nan suka baje. Sati biyu cur yana wannan aiki shi kaɗai. Wasu dattawa har sallama suka yi wa mahaifiyarmu, wai a tashi tsaye a nema masa magani tun abin bai yi nisa ba.

Ba za a ce dattawan nan ba su da hujja ba. Bayan girbi kowane manomi roƙon Fulani yake su sauke masa shanu a gona, su ci kara su bar masa taki. Gonar Yaya ba ta sake ganin wannan ba, don ba a buga ƙwallo a cikin garke. Maimakon taki, samari ne suke tattaka ta tun daga kaka har faɗuwar ruwa, sai ta koma kamar daɓen ɗaki. In damina ta zo garma ta sha wuya, ruwa ya bi ta kai ya wuce, dawa ta fito a tsumbure. Da an girbe kuma ya sake ɗauko fartanya. Ni a lokacin na riga na koma Rano da zama, in na zo gida abin da nake gani kawai fili ne mai kyau.

Ranar da ba zan manta ba ita ce ranar da muka kara da juna. Wani ɗan kasuwa ne ya sa wa ƙauyuka kofi da rani. Ni ina horar da samarin Yalwa ta ƙasar Rano, shi yana horar da na Nariya, Allah ya haɗa mu a wasan ƙarshe. A filinsa aka buga, don duk yankin babu kamarsa. Na san abin da zan tarar, saboda haka na tara mutum tara a baya, na bar guda ɗaya a gaba, wani dogo mai gudu kamar an koro shi.

Na kalli manyan ƙungiyoyin duniya a gidan kallo ba adadi, amma abin da na gani a yammacin nan ban sake ganin irinsa ba. 'Ya'yan manoma ne, rabinsu ba takalmin kirki, amma ƙwallo in ta bar ƙafar golansu ba ta sake barin ƙasa. Wannan ya taɓa, wancan ya juya, na uku ya bar ta ta wuce ta tsakanin ƙafafunsa don ya san akwai wani a bayansa. Akwai lokacin da na fara ƙirga miƙawar a zuciyata, na kai sha wani abu na rikice. Jama'a sun cika fili, wasu a kan bishiya, makiyaya sun dogara sanduna a gefe, amma wurin ya yi tsit har kana jin gurzar ƙwallo a kan ƙasa. Sau biyu suna bugun turke. Da suka yi wani yanka a bakin raga, na waiga na ga ɗan bayana, wanda na sa ya hana su, ya tsaya yana tafi. Na buɗe baki zan zage shi, sai na ga ni ma hulata tana hannuna, ban san lokacin da na cire ta ba.

Saura kaɗan a tashi wani ɗan bayanmu ya narka ƙwallo gaba don kawai ya huta. Dogon nan ya bi ta, ya tarar ba kowa a gida sai gola, ya zura. Aka tashi ci ɗaya mai ban haushi. Aka miƙo mini kofi, na ɗaga, na duba in ga masu taya ni murna. Mutanen da na kwaso a cikin bas ɗina tun daga Rano, kyauta, suna can sun kewaye waɗanda aka cinye suna shafa kawunansu. Yaya ya ratso jama'a ya ba ni hannu yana murmushi.

"Barka, koci. Amma ka gani ko?"

Na ce, "Na ga an ci ku."

Ya yi dariya ya dafa kafaɗata ya wuce. Ƙarya na yi masa, na gani sarai. Girman kai ne ya hana ni faɗa, kuma har ya bar duniya ban faɗa masa ba. Wannan yana cikin abubuwan da suke ci mini rai.

Shekara uku bayan nan ya kwanta, jinyar kwana huɗu, bayan girbi. Ya bar tushiya rabi a tone, ya bar matarsa Yaya Asabe da 'ya'ya biyar, babbansu bai kai sha biyar ba. Riƙon marayu ya dawo hannuna. Bayan an share makoki samari suka zo suka tsaya a ƙofar gida, sun kasa tambayar makomar filin. Na ɗauki fartanyarsa na ƙarasa aikin. Daga nan duk kaka sai in ajiye bas na 'yan kwanaki in zo in baje gonar. Gari ya ɗauka, Garba ya riƙe amanar ɗan'uwansa. Ba zan ɓoye ba, yabon nan ya yi mini daɗi ƙwarai.

Gardamarmu kuwa ba ta mutu da shi ba. Duk Asabar da yamma in na leƙa gidan kallo a Rano ita ake yi, sai dai yanzu da waya a hannu. Wannan ya nuna maka lissafin wanda ya fi riƙe ƙwallo, wancan ya ce a dafa lissafin a ci, shi dai an ba shi maki uku. Ni ina ɓangaren masu maki, har samari sun sa mini suna Baba Sakata. Nakan tambayi kaina, da Yaya zai leƙo yau, me zai ce? Na tabbata filayen nan na Turai za su fara ɗauke masa hankali, ciyawa luf-luf ba ko tsakuwa. Sannan ya ga ƙungiyar da aka ba ta irin wannan fili ta tattare a gaban ragarta, ya ce wannan butulci ne. Amma kada masu lissafin riƙe ƙwallo su yi saurin murna. Wannan miƙawa da ake yi gefe da baya, gefe da baya, har a mayar wa gola, shi ba zai kira ta kyan wasa ba. Zai ce tsoro ne ya yi ado. Shi gaba yake so a nufa, ko za a dawo da kuka.

Bara, ana gama girbi, na zo Nariya da niyyar aikin da na saba. Yaya Asabe ta aiko in shigo. Mace ce mai barkwanci, kullum tana tsokanata da wasan ƙanin miji, amma ranar na tarar ba wasa a fuskarta.

Ta ce, "Garba, sau goma sha ɗaya kana baje gonar nan ban ce maka komai ba. Da yayanka yana yi, tasa ce, a haka na zauna da shi, na ci abin da ya kawo. Yanzu ta marayu ce. Hatsinmu ko tsakiyar damina ba ya kaiwa, da surfen mutane nake cikawa. Ga babbansu zai kawo mata. Kai ana yabonka a gari, mu muna tsakurar tuwo. Ba kai ne mai cewa a tsare gida tukuna ba? To ga gidan."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Shekara da shekaru ina kyauta da abincin marayu, ina karɓar godiya, gonata ta kwari kuwa tana can Fulani suna zuba mata taki duk rani, rumbuna a cike. Ko sau ɗaya ban taɓa leƙa nasu rumbun ba. Da hujjata ta kama ni, kuma duk abin da na yi imani da shi yana bayanta: a bar kunyoyi, a kira Fulani, samari su koma ɗaga ƙwallo sama kamar yadda muka taso. Na fita na tsaya a bakin gonar da niyyar in haƙura da filin ƙwallon, na daɗe a tsaye, na kasa.

Washegari na je wajen mai unguwa da liman na ce ina son musaya, magada su ɗauki tawa ta kwari, ni in ɗauki ta tudu. Liman bai amsa nan take ba, sai da ya taka gonakin biyu da ƙafarsa don ya tabbatar ba a cuci marayu ba. Da ya dawo ya dube ni ya ce in akwai wanda aka cuta a nan, to ba su ba ne. Aka kira shaidu aka gama. Yaya Asabe ta ce ita ma ba so take a daina ƙwallon ba, ciki ne ba ya jin lallashi. Da na koma Rano na faɗa wa mai ɗakina, tambaya ɗaya ta yi mini, wai in damina ta yi nisa ƙwallon za mu dafa?

Bana na girbe gonar karo na farko da sunana. Na yi mata duk abin da na sani, na ƙara da takin zamani, amma abin da na kwaso da ƙyar ya kai rabin abin da na saba samu a kwari. Na tsaya a gaban rumbu ina kallon inda dammunan suka tsaya. Kafin la'asar na yi ƙorafi wajen mutum uku.

Shi Yaya shekara goma sha bakwai ya yi yana tsayawa a gaban irin wannan rumbu, ban taɓa jin ya ce uffan ba. Ni in muna gardama baki kawai nake sawa, shi kuwa da tuwon gidansa yake yin tasa. Har gobe ina nan a kan bakata, da za a sake buga wasan nan da mutum tara zan sake tarawa a baya, kuma ban daina ganin akwai haƙƙin iyali a cikin abin da ya yi ba. Amma akwai magidanta a Nariya da maƙwabciyarta Fassi, masu furfura yanzu, waɗanda suka san cewa ƙafar ɗan manomi tana iya yin abin da zai sa taro ya yi shiru, kuma a gonarsa suka sani. Wannan shi ne abin da ya bari, kuma sai bana na san nauyinsa.

Na gani, Yaya, tun a ranar na gani. Allah ya gafarta maka. Ashe haka tsadar abin take, ba ka taɓa faɗa mini ba.