Maliki Rewaya da Gilashin Gidan Gaba

Maliki, Allah ya jiƙansa, mutumin Kwandiko ne, amma a Birnin Kudu ya yi rayuwarsa, a wata rumfar kwano kusa da tasha, yana gyaran wayoyin mota, shi ya sa ake ce masa Rewaya. Siriri ne, ba ya son hayaniya. Ba ya yanke waya sai ya bi ta da yatsa tun daga tushe, ya ɗaura mata zare don ya gane ta. Direbobi suna yi masa tsiya, wai Maliki ya fi tela son zare. Sai dai duk sun san abu guda game da shi: bai taɓa yi wa mai mota ƙarya ba. In abu ya fi ƙarfinsa, zai ce a tafi Kano.

A daminar shekaru uku da suka wuce ne Alhaji Iliyasu, mai motocin haya a hanyar Gwaram, ya kawo masa motarsa ta hawa. Irin sababbin nan ce masu gilashin taɓawa biyu, ɗaya na direba, ɗaya a gaban kujerar fasinja. Matarsa Hajiya Zuliha ce mai zama a wurin, kuma a kan kujerar ta cika, ana hanyar asibiti. Tun daga ranar, in ji Alhaji, gilashin yake kunna kansa ba kowa a kujerar.

Alhaji ya rame, idonsa ya faɗa. Ya ce, "Malam Maliki, kai ba ka ƙarya. Duba ka gaya mini, waya ce ko ita ce? In ita ce, to ba ta yafe mini jinkirin da na yi ba."

Maliki ya ce, "Alhaji, bari in ji ta bakin motar tukuna."

Ya kwance ya nuna masa. Wuta tana zuwa daga batir ta bi ta fiyus, wata waya ta mayar da ita jikin ƙarfen mota, wasu siraran wayoyi kuma su kai saƙo ga babbar na'urar da ke tsakiya. A cikin kujerar akwai wata shimfiɗa mai jin nauyin mutum, sai ta ji an zauna take ba gilashin izinin farkawa. Shi kuwa gilashin ba dannawa yake ji ba, ɗan lantarkin da ke fatar yatsa yake ji. Shi ya sa tsinke ba ya motsa shi, amma ɗigon ruwa yana iya ruɗa shi.

Da ya sa hannu ƙarƙashin kujerar sai ya ji soket, wato mahaɗin wayoyin, a jiƙe, har ya fara kore.

"Wa yake zuba ruwa a nan?"

Alhaji ya sunkuyar da kai. Ashe tun kunnawar farko yake yayyafa ruwan addu'a a kujerar da gilashin. Duk sa'ad da gilashin ya kunna, sai ya ƙara ruwan.

Maliki ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, addu'ar ta karɓu, ruwan ne motar ba ta sha."

Ya busar da komai, ya canza soket, ya naɗe. Bayan azahar ya fita gwaji shi kaɗai, rana tsaka, gero kore shar a hagu da dama. Ya yi nisa a hanyar Gwaram, har ya fara neman wurin juyawa, sai ƙararrawar bel ta fara ƙara, irin wadda take yi in fasinja ya zauna bai ɗaura ba. Gilashin ya kawo haske.

Ya gangara gefen titi ya tsaya. Ya san taɓin ruwa, tsalle yake yi nan da can ba tsari. Wannan kuwa a natse yake. Taswira ta buɗe, aka ja ta a hankali har ta tsaya a kan Fagam, garin iyayen Hajiya. Sannan aka rage sautin rediyo, kamar mai son a yi shiru. Maliki ya shafa kujerar, busasshiya. Ya shafa gilashin, busasshe.

Ya daɗe yana karanta abin da ya sawwaƙa. Daga nan ya durƙusa ya zare soket ɗin gilashin gaba ɗaya, ya ɗaura masa zare, ya sa a aljihu.

Da ya dawo ya tarar da Alhaji a tsaye bakin rumfa, ko zama bai yi ba.

"Yaya?"

Maliki ya dube shi. Ya ce, "Waya ce, Alhaji. Ruwa ya cinye ta. Na kashe gilashin, kada a sake haɗa shi."

Alhaji ya zauna a kan benci ya rufe fuska da hula. Bayan wata guda aka ga ya fara mayar da jiki, har yana zolayar direbobinsa.

Maliki ne bai koma daidai ba. Ya ci gaba da aikinsa, amma bai sake shiga gidan gaba na kowace mota ba, ko da an girmama shi da wurin. Amininsa Sada kaɗai ya gaya wa dalili. Ya ce bai san abin da ya gani ba, abin da ya faɗa ne ya sani, kuma yana ta istigfari a kansa.

Bara zazzaɓi ya kwantar da shi. Alhaji Iliyasu da kansa ya zo da motar don kai shi asibiti, ya buɗe masa ƙofar gaba. Maliki, da ƙyar yake magana, ya ce, "A sa ni a baya, Alhaji. Na fi sakewa."

Kwana biyu ya yi a asibiti ya cika. Da aka buɗe akwatin kayan aikinsa, an sami soket ɗin a ƙasa, da zarensa. Allah ya yafe masa wannan ƙarya guda ɗayar, ya haskaka kabarinsa.