Jiƙaƙƙen Tsumman Malam Modu

A teburin mai shayi a Gwale nake kallonsa: dogo mai furfura, faratansa duk baƙin mai. Kafin ya ajiye kofi sai ya shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma.

Mai shayi ya raɗa mini, "Malam Modu ke nan, tsohon injiniyan jirgin ruwa. Haka suke yi kada kofi ya zame in jirgi ya karkata. Yanzu janareto yake gyarawa."

Rediyo na ta kukan wai kamfanonin jiragen ruwa sun rasa ƙwararru. Sun rasa, ko sun kora?

"Kashe mana wannan!" in ji Malam Modu. "Baƙon da suka ba matsayina, ni na koya masa aikin."

Ya dafe kofin gam, alhali ba abin da ke girgiza sai muryarsa.