Muryoyin da Ke Cikin Wayar Malam Hamisu

Cikin ranakun da na yi a wannan aiki, akwai wadda har gobe ba ta fita raina ba, ranar da aka kira ni aka ce 'yan sa-kai sun tsare Malam Hamisu. Ku da kuka zo daga baya kun same shi ne a ofis nan Dutsin-Ma yana tsara mana rangadi, kuna tsokanarsa da Baba Tarihi, ba ku san abin da ya raba shi da aikin ƙauye ba. To, ga yadda aka yi.

A lokacin ni ne mai kula da malaman dabbobi na shiyyarmu, daga Dutsin-Ma har ƙasar Kurfi. Ga wanda bai san aikin ba, duk shekara bayan an kawar da amfanin gona muna fita rigakafi, shanu a yi musu allurar ciwon huhu, awaki da tumaki a yi musu tasu. Kowane malami yana da ƙauyukansa da rugagensa. Zai ɗauki magani a kula mai ƙanƙara, ya hau babur, ya bi gida gida. Shi yake kawo mini rahoto, ni kuma in kai wa darakta. Ke nan malamin dabbobi ya san mai shanu da marar shanu, ya san inda kowa ke ɗaure nasa, ya san hanyar kowace ruga. A da wannan sani abin alfahari ne. Da ɓarayin daji suka addabi yankinmu sai ya koma abin tsoro, don kowa ya san ba sa shiga gari sai da ɗan gari mai kai musu labari.

Malam Hamisu ya haura arba'in, yana da iyali, ya daɗe yana riƙe da ƙauyukan da ke tsakaninmu da Kurfi. Ba shi da yawan magana, aikinsa kuma ba a taɓa kawo mini ƙara a kai ba. Sai wata shekara ya zo ya ce mini ya shiga jami'a, irin karatun nan da ake yi daga nesa, darasi ta waya, jarrabawa a je Katsina. Na yi masa murna, na tambaye shi ko fannin lafiyar dabbobi ne. Ya ce a'a, tarihi ne.

Na ce, "Tarihi? Malam Hamisu, ka san wannan takarda ba za ta ƙara maka ko mataki ɗaya a aikinmu ba?"

Ya ce, "Na sani, Yallaɓai."

Tun daga nan na sa masa ido. Magidanci mai 'ya'ya a makaranta ya ɗora wa kansa wahalar da ba ta da riba, ban gane ba. Ga shi kullum abin sauraro a kunne, ranar Asabar a neme shi a rasa. Da ya kai shekarar ƙarshe sai ya fara daɗewa a rugage bayan ya gama allura. Ya ce binciken kammala karatu yake yi a kan tsofaffin burtalai da rijiyoyi, da yadda manoma da makiyaya suka zauna a da, yana ɗaukar muryar tsofaffi a waya. Abokan aikinsa suka fara ƙus-ƙus. Wani ya ce mini a gefe, "Yallaɓai, a wannan zamani wa ke tambayar hanyar shanu in ba mai ruwa da shanu ba?" Na tsawata masa, amma maganar ta zauna mini.

Ana cikin haka aka shiga wani ƙauye da ba zan faɗi sunansa ba, aka kore shanun huɗar Alhaji Iro, ba a daɗe da yi musu allura ba. Wanda ya yi allurar Malam Hamisu ne. Da ya koma ƙauyen don ya ƙarasa awaki, 'yan sa-kai suka tare shi a bakin gari, suka karɓe babur da waya.

Na isa bayan azahar. Ƙofar gidan mai gari cike take da matasa, wasu da gora, wasu da bindigar toka. Na yi sallama, amsar ba ta fito sosai ba. A cikin zaure na tarar da Malam Hamisu zaune a ƙasa, ba hula, wuyan rigarsa a yage. Mai gari yana kan buzu, liman a gefensa, Alhaji Iro ya haɗa kai da gwiwa. Shugaban 'yan sa-kai, wani ƙaƙƙarfa mai suna Bala, yana tsaye riƙe da wayar.

Mai gari ya ce, "Yallaɓai, mutuminka ne. Yaran nan cewa suke a ba su shi. Ni kau na ce sai shugabanshi ya zo. Za ka tsaya mashi?"

Ku sani, in shugaba ya tsaya wa ma'aikaci a irin wannan wuri, daga baya aka gano da gaske ne, shi da ofishin duka an gama da su a wannan ƙasa. In kuma ya janye, mutumin ba zai kai la'asar da rai ba. Na dubi Malam Hamisu ina neman wata alama a fuskarsa, ban ga komai ba sai gajiya. Na ce, "Ranka ya daɗe, aikinsa na sani, ban taɓa kama shi da ha'inci ba. Abin da ke cikin mutum kuwa Allah ne masani. Ina so in ji abin da aka gani."

Bala ya ce, "Ga abin da aka gani." Ya kunna wayar. Muryar wani tsoho ta fito da Fillanci, a ciki ana jin sunan ƙauyen da kalmar burtali. Liman yana jin Fillanci, ya saurara ya ce tsohon labarin wata shekarar fari yake bayarwa, yadda kakanninsu da mutanen garin suka haƙa rijiya tare. Bala ya ce, "Allah gafarta Malam, wanda ya san tsohuwar hanya shi ya san ta sata." Aka kunna wata, aka kunna wata. Duk wanda ya shigo da zargi zargi ya ji a ciki. Ni ma, in faɗa muku gaskiya, ban ji abin da ya wanke shi ba, ban kuma ji abin da ya kama shi ba. A waje hayaniya sai ƙaruwa take.

Sai Malam Hamisu ya ɗaga hannu. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ba zan rantse ba, don mai laifi ma rantsuwa yake. Abu guda nake roƙo. An ce ina waya da ɓarayi, ni na faɗa masu inda shanu suke. A tambayi Bala, shi ya ji ni da kunnenshi, ko faɗa mashi aka yi? In faɗa mashi aka yi, a kira wanda ya faɗa. A bi ta haka har a kai ga wanda ya gani. In an same shi, ku yi mani abin da kuka ga dama."

Mai gari ya dubi Bala. Bala ya ce ai gari duka ya sani. Mai gari ya ce, "Ba gari na tambaya ba. Kai wa ya faɗa maka?" Bala ya ce Alhaji Iro.

Alhaji Iro ya ce shi bai ce ya ji ana waya ba. Surukinsa ne ya ce masa ɓarayi suna kiran malamin dabbobi. Aka aika aka kira surukin. Ya zo yana zare ido, ya ce shi bai ce ɓarayi ba, Fulani ya ce, kuma a majalisar mahauta ya ji. Aka kira mahaucin. Ya ce shi dai abin da ya faɗa, Fulani suna aiko wa malamin dabbobi saƙon murya, kuma Sani mai cajin waya ne ya ba shi labari. Ina zaune ina kallon maganar tana ƙanƙancewa, duk wanda aka kira sai ya ajiye wani yanki ya ce ba nasa ba ne.

Da Sani ya zo, magidanci ne mai rumfa a bakin kasuwa, sai da aka ba shi ruwa kafin ya iya magana. Ya ce, "Wallahi, ranka ya daɗe, caji ya kawo mani. Da na cire, hannuna ya taɓa, sai na ji tsoho yana Fillanci. Na ce ma mutane wayar Malam cike take da muryar Fulani. Iyakar abin da na ce ke nan. Da dariya ma na faɗa."

Mai gari ya ce, "Ka ji an ambaci shanun Alhaji?"

Ya ce, "Ni ina na ji Fillanci?"

Ba wanda ya ba da haƙuri. Bala ya ce rashin shaida ba ya nufin rashin laifi, kuma a wannan ban ga ƙaryarsa ba. Amma ƙarfin abin ya karye. Mai gari ya fita da kansa ya yi wa matasa magana, ya ce ya damƙa mutumin a hannun ofishinsa da hukuma. Na sa Malam Hamisu a mota, muka wuce ofishin 'yan sanda kamar yadda ƙa'ida ta ce, ya ba da bayani, suka riƙe wayar don bincike, suka ba ni shi.

A hanyar Dutsin-Ma na tambaye shi inda ya samo wannan dabara. Ya ce, "Ba dabara ba ce, Yallaɓai, darasin shekarar farko ne. Duk labarin da ya zo maka, ka tambayi wa ya faɗa, ya gani ko ji ya yi, kuma mi zai samu in an yarda. Da shi muke auna maganar mutanen da suka mutu tuntuni. Yau na ga yana aiki a kan masu rai."

Na ce, "To yau dai faɗa mini, me ya kai ka wannan karatu?"

Ya dubi gonaki ta taga. Ya ce, "Na tsufa ina shiga tsakanin mutanen nan. Da safe in sha fura a ruga, da rana in ci tuwo a gari. A gabana suka daina gaisawa. Na san ciwon kowace saniya, amma ban san inda wannan ya faro ba. Shi nake son sani kafin tsofaffin su ƙare."

Maganar ta shige ni, amma shugaba ba ya rufe bincike don magana ta yi daɗi. Darakta ya ce in tabbatar da karatun nan da idona. Wata Asabar, ba tare da na gaya masa ba, na tafi Katsina cibiyar da suke jarrabawa. Na zaci yara zan gani. Sai na tarar da manya a ƙarƙashin bishiyoyi, wata ma'aikaciyar jinya da kayan aikinta, wani tela da na sani a kasuwa, wata mai goyo tana jijjiga ɗa tana karatu a waya, wani mai furfura da ya girme ni. Can na hango Malam Hamisu a kan benci, shi da wasu suna gardama a kan abin da ya tayar da wani tsohon gari. Yana magana da hannu, yana dariya. Duk zamanmu ban taɓa ganin haƙoransa ba sai ranar. Na juya ban bari ya gan ni ba.

'Yan sanda suka dawo da waya suka ce ba su sami komai ba. Shanun Alhaji Iro ba a gan su ba, wanda ya kai labari ma ba a gano shi ba, shi ya sa har yau akwai masu yin shiru in Malam Hamisu ya wuce. Don tsaron ransa muka dawo da shi ofis. Ya gama digirinsa, kuma kamar yadda na faɗa masa, bai ƙara masa mataki ba.

Abin da na koya shi ne, aikinmu sunansa aikin dabbobi, amma kowace dabba da igiyarta a hannun mutum, shi kuma mutumin yana da tsoronsa da abin da aka gaya masa. An koya mana allura da ma'aunin magani, ba a koya mana yadda ake auna magana ba, alhali a ƙasarmu yanzu magana tana kisa fiye da ciwon huhu. Shi ya sa duk wanda ya zo mini cikinku ya ce zai yi karatu daga nesa, ko tarihi ne ko harshe ko adabi, nake gyara masa ranakun aiki ban tambaye shi ribar ba.

Bara mai garin nan ya aiko. Ya ce mafi tsufan mutanen garin yana kwance, ya matsa sai an kira malamin nan mai ɗaukar murya, yana da labarin kafuwar garin, 'ya'yansa kuma ba mai zama ya ji. Na gaya wa Malam Hamisu, na ce ba dole. Ya ce, "Zan je, amma tare da kai."

Muka je da hantsi. Tsohon yana kan tabarma an jingina shi da bango. Malam Hamisu ya durƙusa ya gaishe shi, ya ajiye wayar a fili inda kowa ke gani. Bala ya shigo ya tsaya a bakin ƙofa da gorarsa, bai gaishe mu ba, idonsa a kan wayar. Tsohon ya fara lissafa waɗanda suka sari dajin, da inda kowa ya fito. Da ya zo kan wani suna sai ya nuna Bala da yatsa ya ce, "Kakanka ke nan. Da shanu ya zo garin nan." Bala ya jingine gorar, ya nemi gefen tabarma ya zauna.