Ranar da Na Yi Godiya Na Ajiye Magani

Edita, lokacin da abin nan ya faru ni tela ce a unguwar Arawa, mace mai ƙiba da baki, wadda ba a taka ta ta yi shiru. Mijina ya rasu ya bar ni da 'ya ɗaya da cuta mai karya garkuwar jiki. Ban da ma'aikatan asibiti da yayana da ke ƙauyenmu a kudancin Gombe, ba wanda ya sani. Shekaru ina shan maganina kullum ba fashi, don burina ɗaya ne, in ga yarinyar nan ta gama makaranta ina raye.

Wata rana aka gwada jinina, nas ta ce ƙwayar cutar ta yi ƙasa har na'ura ba ta ganinta, amma in ci gaba da magani. Rabin farko na maganarta na ɗauka, na bar mata rabin ƙarshe a tebur. A cocinmu idan Allah ya yi wa mutum abu, yakan fito godiya, zumuntar mata su rako shi da waƙa har gaba. Na ɗinka sabuwar atamfa, na yi rawa, na ba da shaida cewa an raba ni da wani ciwo da na daɗe da shi, ban faɗi sunansa ba. Da na koma gida na ɗauko kwalbar magani sai kunya ta kama ni. Na ce yanzu na gama gode wa Allah a gaban jama'a, in dawo ɗaki ina haɗiyar ƙwaya a ɓoye, ai na zama munafuka. Gaskiya ba fasto ba ne ya ce in daina, ba kowa ba ne. Ni na yanke wa kaina. Da asibiti suka yi ta kirana a waya ma, masifa na yi musu, na ce su daina yi mini fatan tsiya.

Na fi shekara lafiyata ƙalau, har ina yi wa masu layin karɓar magani kallon marasa bangaskiya. Sai tari ya zo, da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, kaluluwa ta fito mini a wuya. Na sha na maleriya, na sha na taifot, shiru. Sai da ƙafafuna suka kumbura takalmi ya ƙi shiga, sannan na koma asibiti kaina a ƙasa. Aka ce tarin tibi ne, kuma ƙodata ta taɓu.

Likitan bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da na fi jin daɗi. Ya ce ƙwayar cutar ba ta taɓa barin jikina ba, kwanciya ta yi a cikin ƙwayoyin garkuwar jiki da ke hanji da kaluluwa, magani ne ya hana ta yaɗuwa. Ya ce waɗannan ƙwayoyin suna aika wa juna saƙo da wani sinadari da ake kira saitokayin, su tashi 'yan uwansu idan cuta ta shigo. Matsalar ita ce, ƙwayar garkuwar da aka tasa, a cikinta wannan cutar ta fi jin daɗin hayayyafa. Tibi ya sa jikina ya yi ta aika saƙon, cutar ta yi ta ƙaruwa, ƙaruwarta kuma ta sa aka ƙara aika saƙon. Haka suka yi ta zuga juna ba tsayawa, kumburin da ya biyo baya da ita cutar suka ci ƙodata a hankali ina kan keken ɗinki ina waƙa. Na tambaye shi ko za ta dawo idan na koma magani. Ya ce za a danne cutar, za a warkar da tarin, amma abin da ya lalace a ƙoda ya riga ya lalace.

Haka kuwa aka yi. Tari ya tafi, na koma magani, amma ga ni ana maganar wankin ƙoda, abin da ko masu albashi yake durƙusarwa. Ina jin haushin kaina ƙwarai, kuma ina jin tsoro, ba zan ɓoye ba. Abin da na gane a makare shi ne jin ƙarfi a jiki ba ya nuna abin da ke gudana a ciki, kuma shan magani bai taɓa rage wa Allah godiyata ba. Duk mai wannan ciwo, Kirista ko Musulmi, ka yi godiyarka, ka yi azuminka da shawarar likita, amma kada ka ajiye maganin nan ko an ce maka ba a ganin komai a jininka. Idan tari ko zazzaɓi ya daɗe, je asibiti a makon.

Ni dai na riga na yi magana da yayana, ya yarda zai ɗauki 'yata idan lokaci ya yi. Ita ba ta sani ba tukuna, tana ɗauka cewa hutu kawai za ta je yi a ƙauye.