Buhun Irin Kawu a Hayin Rima

In kun ga dama ku yarda, in ba ku ga dama ba ku je bakin gulbi ku tambaya. Ni ɗin nan, mai facin taya a Tudun Wada, na taɓa ƙetare Rima ranar da kifi da kanshi yake neman wurin riƙewa.

Ƙarshen damina ne. Ina zaune shago sai ga Kawu, yayan mahaifiyata, hannu naɗe cikin karan ɗori, wai jaki ya kada shi. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba yac ce, "An saki ruwan dam. Irina na bukkar gona, hayin gulbi."

Wanga iri buhu guda ne tak, jar shinkafa da Kawu ya gada wurin mahaifinshi, kowace shekara shi ware na shuka. Ba a samun ta kasuwa. In ruwa ya ci bukkar, ta ƙare ke nan a gidanmu.

Nic ce, "Kawu, kwantar da hankalinka. Ni da tuƙin kwalekwale ai tare munka tashi."

Gaskiyar magana, sau uku na taɓa riƙa filafili, duk da rani, lokacin da akuya ke ƙetarewa da ƙafa.

Munka isa mashaya da hantsi. Mai kwalekwalen wani tsoho ne Basarke, kowa Baba ke ce mishi. Shina tsugune gaban wani karan dawa da ya kafa a bakin ruwa tun asuba, ya yi mishi tsaga-tsaga da wuƙa. Haka suke auna gulbi: a kafa kara, a je a dawo, a ga tsaga nawa ruwa ya haɗiye.

"Baba, ina kwana? Hayi za mu."

Bai ko dube ni ba. "Huɗu ya ci. In ya ci shida, ko uwata ke hayi sai dai in ɗaga mata hannu."

Ya tsinci wani guntun kara ya jefa tsakiya. Kafin in ƙifta ido karan ya kai ginshiƙan tsohuwar gada, inda ruwa ke tafasa fari fat kamar an zuba buhun sabulu. Ya juya sau biyu, ya nutse, bai sake fitowa ba. Ruwan ja wur, ga ciyawa, ga kututture, har wata kaza na gani bisa reshe tana wucewa kamar ta biya kuɗin mota.

Na ja da baya taku ɗaya. Amma na dubi Kawu, ya ƙura ma hayi ido. Nic ce, "Baba, huɗu ai ba shida ba ce. Mu tafi."

Tsoho ya dube ni sama da ƙasa. "Kai gaba, ni baya. Abin da nic ce shi za ka yi."

Munka bar Kawu a mashaya. Muna shiga na saita hancin jirgi sak ga bukkar Kawu, kamar mai tsallaka titin Gawon Nama. Sai na ji filafili a ƙeya, ƙwas!

"Ɗan birni! Wa ya ce maka ana ƙetare gulbi a miƙe? Bi gefe, mu hau sama tukun!"

Munka bi gaɓa muna hawa, ina tuƙi ina kama ciyawa, har kafaɗuna sunka fara kiran sunan Allah da kansu. Sai da munka yi nisa sosai sannan ya karkata jirgi, ruwa ya ɗauke mu a gicciye ya aje daidai bakin gona, kamar shi anka aika.

Ruwa ya riga ya shiga bukkar har idon sawu. Buhun na bisa dakali, saura kamu ɗaya. Na ɗauko shi, na naɗe da ledar da nake rufe injin iska, na ɗaure da robar tayar babur. Sana'a dai ta yi rana.

Dawowa ita ce aikin. Daga wannan gefe babu wurin hawa sama, duk ƙaya ce, dole mu bi ta kusa da ginshiƙan nan. Baba yac ce, "In mun shiga farin ruwa kada ka daina tuƙi. Wanda ya tsaya kallo shi ruwa ke juyawa."

Munka shiga. Jirgi ya yi sama, ya yi ƙasa, kumfa ta mare ni hagu da dama. Ina tuƙi, ina salati, ina zagin kaina. Baba na ihu, "Dama! Damarka, ba tawa ba!" Na rantse na ga ginshiƙi ya matso ya gaishe ni ya koma. Ruwa ya fara taruwa a cikin jirgi, sai na ɗaga buhun na aza bisa cinyoyina, na ci gaba da tuƙi a haka, ban tsaya ba ko sau ɗaya.

Saura taku uku mu kai gaɓa, na miƙe tsaye don mutanen mashaya su ga jarumi. Jirgi ya karkace. Allah ya taimake ni na wurga buhun bisa tudu, ni kuma na tafi tsundum.

Da gora anka jawo ni, ina amai da ruwan Rima, takalmi ɗaya ya tafi Argungu ba sallama. Na ɗaga kai don in karɓi sannu, sai na ga kowa ya kewaye buhu. Kawu ya kwance leda da haƙori, ya zura hannunshi mai lafiya har gwiwa, ya damƙo shinkafa ya murza. A bushe take ƙarau. Ya sa ta a hanci, ya lumshe ido.

Nic ce, "Haba Kawu! Ɗan ƙanwarka ya kusa halaka, kai shinkafa kake shinshina?"

Ko juyowa bai yi ba. "Ita in ta jiƙe tsiro za ta yi. Kai shekara talatin muna ba ka ruwa, me ka tsiro?"